Na sabunta windres sai manhajata ta rikice: laifin sabuwar siga ne?

Wani matashi da ke rubuta wa masu farmasi manhajar lissafin magani a Marwa, a ƙasar Kamaru, ya aiko da wannan tambaya kan windres, shirin da ke harhaɗa tambari da menu da rubutu don a saka su cikin manhajar Windows:

"Assalamu alaikum Yaya. Da C nake rubuta manhajata a kan Ubuntu, ina harhaɗa ta da mingw-w64 don kwamfutocin Windows na kwastomomi. Na tashi daga Ubuntu 20.04 na koma 22.04, sai windres ya tsaya yana cewa `preprocessing failed`. A Makefile ɗina akwai `--preprocessor="x86_64-w64-mingw32-gcc -E -xc -DRC_INVOKED"`, kuma da can lafiya lau yake aiki. Na mayar da shi `--preprocessor=cpp`, sai ya ce bai ga `windows.h` ba. Na goge layin `#include` da ke jawo shi, aiki ya wuce. To amma yanzu lambar siga ta ɓace daga bayanan fayil, maɓallai sun koma irin na tsohuwar Windows, Médicament ya zama MÃ©dicament, ƙari ya zama Æ™ari. Ga wani kwastoma a Kusiri yana son a saka masa Larabci. Sabuwar sigar ce ke da ƙwaro, wato bug? In koma tsohuwa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka koma tsohuwa. Sabuwar sigar lafiyarta ƙalau, kuma abubuwan da ka lissafa ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Na farko canji ne da masu windres suka yi da gangan, suka kira shi gyara. Biyu na tsakiya daga layin da ka goge suka fito. Na haruffa kuwa ba ruwansa da sabuntawar sam, tare kawai suka faɗo maka. Bari mu bi su a hankali, domin in ka gane yadda aikin ke tafiya, sabuntawa ta gaba ba za ta ɗaga maka hankali ba.

Fayil ɗinka na `app.rc`, wanda ke ɗauke da tambarin manhaja da menu da jerin rubutu da bayanin siga, hannu biyu yake bi kafin ya shiga cikin `.exe`. Hannun farko shi ne mai share fage (preprocessor), wato shi dai wannan da ke bi ta kan fayilolin C kafin kompaila ta gan su. Aikinsa kaɗan ne: ya ga `#include` ya ɗauko fayil ɗin ya zuba a wurin, ya ga laƙabin da aka yi da `#define` ya cire shi ya sa ainihin lambar, ya ga `#if` ya zubar da ɓangaren da ba a so. Bai san menu ba, bai san tambari ba, rubutu yake karɓa rubutu yake fitarwa. Hannu na biyu shi ne kompailar kayan kanta, wato windres a wurinka, ita ke karanta abin da ya rage ta mayar da shi bayit-bayit, daga nan mai haɗawa ya ajiye shi a sashen `.rsrc` na manhajar. Rc.exe na Microsoft yana da nasa mai share fagen a jikinsa, haka ma wrc na Wine, shirin da ke gudanar da manhajojin Windows a Linux. Windres ba shi da shi. Gcc yake kira ya yi masa aikin, yana miƙa masa `-E` da `-DRC_INVOKED` da abin da zai sa ya ɗauki fayil ɗin a matsayin C. Wannan mahaɗar, inda shiri ɗaya ke kiran wani, nan ne mafi yawan rikici ke tashi idan an sabunta kayan aiki.

To ga abin da ya same ka. Windres ɗaya ne daga cikin kayan GNU binutils. Ubuntu 20.04 tana zuwa da binutils 2.34, Ubuntu 22.04 kuma da 2.38. Tsakaninsu akwai 2.36, wadda ta fito a Janairun 2021, kuma a cikinta aka canza yadda ake fahimtar `--preprocessor`. Da can, duk abin da ka rubuta a wurin, windres yakan miƙa shi yadda yake a matsayin cikakken umarni, kalmar farko sunan shiri, sauran kuma zaɓuɓɓuka. Wannan ya yi wa irinka daɗi, amma ya cuci wanda kompailarsa ke zaune a wuri irin `C:\Program Files\`, domin giɓin da ke tsakiyar sunan yakan sa a yanke hanyar gida biyu, a je neman shirin da ake kira `C:\Program`. Da aka tashi gyarawa, sai aka ce daga yanzu duk abin da ke cikin `--preprocessor` sunan shiri ne guda ɗaya, da giɓinsa da komai. Shi ke nan sai kwamfutarka ta shiga neman wani shiri mai suna "x86_64-w64-mingw32-gcc -E -xc -DRC_INVOKED" gaba ɗaya, ba ta same shi ba, windres ya ce share fage ya gagara. Katanga ce da ta karkace ka jingina rumfarka a jikinta, maƙwabci ya zo ya miƙe katangarsa, rumfa ta zube. Bai yi laifi ba, kai ma ba ka yi da gangan ba, amma rumfar ce za a gyara. Wanda ya tashi daga Debian 11 ya koma Debian 12 shi ma zai ci karo da wannan, don ya tsallaka daga 2.35 zuwa 2.40.

Maganin da na fi so shi ne ka cire `--preprocessor` ɗungurungum. Abin da ka rubuta a ciki shi ne abin da windres ke yi da kansa in ba a ce masa komai ba. Har ma yana da wayon duba sunansa: in an kira shi `x86_64-w64-mingw32-windres`, zai nemi gcc mai irin wannan goshin sunan. Umarnin ya zama haka:

`x86_64-w64-mingw32-windres -c 65001 -I include -i app.rc -O coff -o app_rc.o`

In kuwa akwai dalilin da ya tilasta maka ambaton mai share fagen da kanka, to ka raba su, sunan shiri daban, kowane zaɓi daban:

`--preprocessor=x86_64-w64-mingw32-gcc --preprocessor-arg=-E --preprocessor-arg=-xc --preprocessor-arg=-DRC_INVOKED`

Wannan tsarin yana aiki a tsohuwar siga da sabuwa. Ka lura da abu ɗaya: da zarar ka ambaci mai share fage da kanka, windres ya janye hannunsa daga zaɓuɓɓukan da ya saba ƙarawa, sai abin da ka ba shi. Shi ya sa `cpp` ɗin da ka saka ya zama masifa biyu. Na farko, cpp na Ubuntu ne, na harhaɗa manhajar Linux, bai san inda mingw ya ajiye `windows.h` ba, kuma ba ya bayyana `_WIN32`. Na biyu, `RC_INVOKED` ya ɓace, alhali shi ne alamar da `windows.h` ke dubawa ya gane cewa kompailar kaya ce ke karanta shi, sai ya kawo laƙabai kawai ta hanyar `winresrc.h` ya bar dubban layukan C da ba su da amfani a nan.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka duba da kyau, don shi ya fi komai haɗari. Ka goge `#include <windows.h>`, aiki ya wuce ba ko gargaɗi, ka ɗauka an gama. A cikin fayil ɗinka tabbas akwai layi irin wannan:

`VS_VERSION_INFO VERSIONINFO`

`VS_VERSION_INFO` laƙabi ne kawai na lamba 1. Idan fayilolin `.h` na Windows suna nan, mai share fage yakan mayar da layin ya zama `1 VERSIONINFO`. Idan ba sa nan, kalmar takan wuce yadda take. Ita kuwa kompailar kaya ta yarda a sa wa abu suna da lamba ko da haruffa, duka halal ne a wurinta. Sai ta ɗauka kai ne ka ga damar raɗa wa bayanin sigarka suna "VS_VERSION_INFO", ta ajiye shi da wannan sunan. Bayanin yana nan cikin `.exe` ɗinka daram, lambar siga da sunan kamfani da komai. Amma Windows lamba 1 take nema, ba ta gan ta ba, sai ta nuna maka fili. Maɓallan ma haka ne. Layin manifest ɗinka, wato fayil ɗin da ke gaya wa Windows abin da manhajar ke buƙata, yana farawa da `CREATEPROCESS_MANIFEST_RESOURCE_ID`, shi ma laƙabin 1 ne, `RT_MANIFEST` kuma laƙabin 24. Da suka wuce ba a canza su ba, Windows ba ta ga manifest ɗinka ba, ba ta ɗora siga ta 6 ta comctl32 mai zana maɓallai ba, sai maɓallai suka dawo da tsohuwar kamarsu. Da a ce kana da taga a fayil ɗin mai ɗauke da `WS_CAPTION` da ire-irensa, da kompailar ta yi ihu nan take, don a can lamba kaɗai take karɓa. Ba ka da ita, shi ya sa ɓarnar ta wuce shiru har ta isa teburin mai farmasi. Ka mayar da layin `#include`, waɗannan biyun za su warke tare.

Akwai wani ɗan abu kusa da wannan da ke kama mutane. Ƙa'idar rc ita ce, idan ka jawo fayil mai ƙarewa da `.h` ko `.c`, ba a ɗaukar komai daga cikinsa sai layukan da suka fara da `#`. Windres yana gane iyakar kowane fayil ne ta alamomin layi da gcc ke bari a cikin abin da ya fitar. Wani yakan ga alamomin sun cika masa ido ya ƙara `-P` don ya share su, sai windres ya kasa bambance `.h` da `.rc`, ya fara tuntuɓe da `typedef`. Kada ka saka `-P`. Kuma in kana da menu ko jerin rubutu a wani fayil na daban da kake jawowa, kada ka sa masa `.h`, za a yi watsi da shi ba tare da an gaya maka ba.

Mu koma kan haruffa. Abin da ka turo ya isa shaida. A UTF-8, harafin é bayit biyu ne, C3 da A9. A teburin haruffa na 1252, wanda Windows ta Faransanci da ta Ingilishi ke amfani da shi, C3 shi ne Ã, A9 kuma ©. Harafin ƙ shi ne C6 da 99, a 1252 kuwa Æ da ™ ke nan. Da ka rubuta ɗ da ka ga É da dogon layi. Ma'ana fayil ɗinka yanzu a UTF-8 yake, windres kuwa yana karanta shi a matsayin 1252, wanda shi ne abin da yake zato in ba a faɗa masa ba. Tsohuwar sigar ma haka za ta yi. Abin da ya fi yiwuwa shi ne asalin fayil ɗin a 1252 aka rubuta shi, irin yadda tsohon Dev-C++ ke ajiyewa, sai ranar da ka buɗe shi a sabon edita don ka ƙara Hausa aka juya shi zuwa UTF-8. Kuma daidai ne a juya shi, domin 1252 ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ, ba ta da ƴ da ŋ da Fulfulde ke buƙata. Saura kawai ka sanar da kompailar. Na saka `-c 65001` a umarnin da ke sama, amma na fi son ka rubuta shi a cikin fayil ɗin kansa, a can sama kafin kowane rubutu:

`#pragma code_page(65001)`

Dalilina shi ne zaɓin da ke kan umarni yana iya ɓacewa ranar da wani ya sake Makefile ko ya koma rc.exe, amma wanda ke cikin fayil yana tafiya da fayil ɗin duk inda ya je. In wani ya turo maka `.rc` daga Visual Studio, ka duba shi da umarnin `file` tukuna, don sau da yawa a UTF-16 yake zuwa. Rc.exe yana karanta wannan, gcc kuwa ba ya karantawa haka nan, sai ka juya shi da `iconv`.

Ko da kompailar ta yi nata daidai, akwai sauran tarko a cikin C ɗinka. A cikin `.exe` duk rubutun kaya a UTF-16 ake ajiye shi, ƙ ɗinka yana nan da ƙugiyarsa. Amma in ka ɗauko shi da `LoadStringA` ka nuna da `MessageBoxA`, Windows za ta matse shi cikin teburin haruffan kwamfutar kwastoma, ƙugiyar ta lalace a hanya. Ka yi amfani da masu ƙarewa da W tun daga ɗaukowa har nunawa, kuma ka zaɓi salon rubutu mai haruffanmu, irin Segoe UI. Wannan abin yana ci mini rai, gaskiya. Mun daɗe muna haƙuri da rubuta "kasa" a inda ake nufin ƙasa saboda na'ura, alhali na'urar ta daɗe da iya rubuta shi. Mai sayar da magani da zai karanta umarni a allon kwamfuta ya cancanci a rubuta masa harshensa daidai.

Larabcin kwastomanka na Kusiri zai zo da sauƙi in ka riga ka koma 65001. A da, sai an ware wa Larabci sashe da tebur na 1256, wanda ke ɗauke da haruffan Larabci haɗe da ƙananan haruffan Faransanci irin é da è da ç, a ware wa sauran nasu. Yanzu Faransanci da Hausa da Larabci za su zauna a fayil ɗaya, kowane a ƙarƙashin layinsa na `LANGUAGE`. Na tabbata ba ka da wannan layin yanzu, don da yana nan da laƙabansa sun tsayar da aikin lokacin da ka goge `windows.h`. In babu shi, komai a matsayin Ingilishin Amurka ake yi masa lamba, 0x0409. Faransancin Faransa 0x040C ne, na Kamaru 0x2C0C, Hausa 0x0468, Larabcin Saudiyya 0x0401. Cadi ba ta da lambar kanta a wannan tsarin, ko ta Larabci ko ta Faransanci, don haka masu aiki a Injamena da waɗannan suke amfani. Tagogin Larabci kuma ka ba su `WS_EX_LAYOUTRTL` don su fara daga dama.

Shawarata a nan, kada ka bar wa Windows zaɓin harshe. Ita harshen da aka saita kwamfutar take bi, kuma daga Garwa har Kusiri da wuya ka ga kwamfutar kanti da aka saita ta a Hausa, kusan duka Faransanci ne. Ka sa wa manhajar wurin zaɓar harshe, ka kira `SetThreadUILanguage` ko ka ɗauko rubutun da kanka da `FindResourceEx`. In ka bi ta biyun, ka sani ba ɗaya-ɗaya ake ajiye rubutun `STRINGTABLE` ba, ƙunshi-ƙunshi ne na 16. Rubutu mai lamba 100 yana cikin ƙunshi na 7, wato ka raba da 16 ka ƙara 1, kuma kowane rubutu tsawonsa ke gabansa, ba sifili a ƙarshensa ba. A bayanin siga kuma, sunan `BLOCK "040C04B0"` dole ya dace da `VALUE "Translation", 0x040C, 1200`, don 04B0 ita ce 1200. In suka saɓa, wasu shirye-shiryen ba za su ga rubutun ba.

Sai ainihin tambayarka, ta yadda mutum zai zauna lafiya da sabuntawa. Abin da nake so ya zauna maka shi ne, a irin waɗannan kayan aiki, layin da aka rubuta "an gyara" a takardar canje-canje yana nufin halin shirin ya canza. Ga wanda ƙwaron ya ciza, sauƙi ne ya zo. Ga wanda aikinsa ya dogara da tsohon halin ba tare da ya sani ba, karyewa ce. Saboda haka idan ina karanta takardar, ba na tsallake sashen gyare-gyare in tafi na sababbin abubuwa, sashen gyaran ma na fi daɗewa a kai. Kuma ba takardar sigar ƙarshe kaɗai ake karantawa ba. Kai da ka tashi daga 2.34 zuwa 2.38, sigogi huɗu ka haɗiye a zama ɗaya, don binutils kusan sau biyu take fita a shekara. Fayil ɗin `binutils/NEWS` yana jera su siga bayan siga, ka nemi kalmar windres a ciki. Sai dai manyan abubuwa ake sawa a can, ƙananan suna cikin tarihin git da rumbun rahoton ƙwari na Sourceware, inda kowane rahoto ke da lambarsa. Ranar da saƙon kuskure ya fito, ka kwafe shi yadda yake ka nema a can, galibi wani ya riga ka.

Kowane layi na karanta, tambaya ɗaya nake yi masa: wane hannu ya taɓa? In ya shafi zaɓuɓɓukan umarni ko yadda ake kiran mai share fage, Makefile zan duba, kuma irin wannan ya fi sauƙi domin yakan tsayar da aiki ka gani da idonka, kamar yadda naka ya yi. Misali mai kyau shi ne llvm-rc, kompailar kaya ta LLVM. Kafin LLVM 13, ba ya share fage da kansa, sai ka yi ka miƙa masa. A LLVM 13, ta 2021, ya fara kiran clang, aka kuma ƙaro llvm-windres mai karɓar umarni irin na windres. Ci gaba ne, amma wanda ke da llvm-rc shi kaɗai a kwamfuta, ba clang kusa, ya ga sabon hali. In kuwa layin ya shafi yadda ake karanta lissafi, ko rubutu mai alamar `\`, ko tsoffin ƙimomin taga da maɓalli, to nan nake rage gudu, don wannan ba ya ihu. Aiki zai wuce, bayit ɗin da suka fito ne za su bambanta.

Ga misalin irin wannan shirun, ko da yake tsakanin kompaila biyu ne ba tsakanin sigogi ba. A rc.exe, alamomin lissafi duk matsayinsu ɗaya, daga hagu zuwa dama ake bin su. A windres kuwa tsarin C ake bi, tarawa tana gaban `|`. Rubuta `1 | 1 + 1`: ɗaya zai ba ka 2, ɗayan ya ba ka 3, kuma babu wanda zai yi gargaɗi. Ba wanda ke rubuta wannan da hannu, amma laƙabai sukan haifar da shi bayan an share fage, misali `#define IDS_KUDI IDS_TUSHE + 1` da aka haɗa da wani abu. Ka riƙa sa baka, wato `( )`, a kewaye da duk laƙabin da ke ɗauke da lissafi, kowace kompaila ta zo za ta ba ka amsa ɗaya.

Tunda irin wannan ba ya faɗin kansa, wucewar `make` ba shaida ba ce. Shaida ita ce kwatanta abin da ya fito. Windres yana iya yin aikin a juye, ya karanta `.exe` ya fitar da rubutu. Ka ɗauko tsohuwar manhajar da ke aiki a kwamfutar wani kwastoma, wadda aka harhaɗa kafin sabuntawar, ka yi haka:

`x86_64-w64-mingw32-windres -i tsoho.exe -O rc -o tsoho.rc`

Ka yi wa sabuwar irinsa, sannan `diff tsoho.rc sabo.rc`. Da ka yi wannan tun farko, da ka ga 1 a gefe ɗaya, sunan haruffa a ɗaya gefen, ka ga Médicament ya lalace, duk kafin ka hau babur zuwa wurin kwastoma. In bambancin bai nuna maka hannun da ya jawo shi ba, ka gudanar da hannun farko shi kaɗai, `x86_64-w64-mingw32-gcc -E -xc -DRC_INVOKED app.rc`, ka karanta ƙarshen abin da ya fito. Duk laƙabin da ka gani a can da haruffansa, bai samu mai fassara shi ba. In rubutun ya fito daidai amma `.exe` ya fito ba daidai ba, to matsalar tana hannu na biyu, kuma a nan ne kaɗai za ka fara zargin windres. Ko a lokacin, ka rage fayil ɗin zuwa layi biyar ko shida da ke nuna matsalar, ka haɗa da abin da `windres --version` ya nuna, ka kai rahoto. Masu gyaran suna buƙatar irin rahotonmu, musamman kan haruffan da su ba sa rubutu da su kullum.

Ka duba Makefile ɗinka ma ta wani gefen. Dokar da ke gina `app_rc.o` ta ambaci `resource.h` da fayil ɗin tambari da manifest a cikin abubuwan da ta dogara da su, ba `app.rc` kaɗai ba. In ba haka ba za ka canza lambar siga a `.h`, make ya ce ba abin da ya canza, tsohuwar lamba ta tafi wurin mutane. Kuma duk ranar da ka sabunta kayan aiki ka yi `make clean`, don make ba ya lura da cewa kompaila ta canza. Tsohon `.o` yana iya ɓoye matsala wata da watanni, ta fito ranar da ka manta ma ka taɓa sabunta wani abu.

Maganar komawa 20.04 kuwa, tallafinta na yau da kullum ya ƙare a 2025, komawa can jinkirta aikin ne kawai. Abin da ya dace da halinmu na nan, inda data ke da tsada kuma wuta kan ɗauke ana tsakiyar saukewa, shi ne ka zaɓi lokacin sabuntawa da kanka. Bayan komai ya daidaita, ka rubuta sigar windres da ta gcc a wani ɗan fayil cikin aikin. Ka sauke fayilolin `.deb` na mingw da `apt download` ka ajiye a filashi, ka kuma ajiye `sabo.rc` ɗin yau, shi zai zama ma'aunin gobe. In kana so ka hana apt taɓa windres ba da saninka ba, `apt-mark hold binutils-mingw-w64-x86-64` ya isa. Yaranka da ke aiki a kan Windows da MSYS2 su fi kula, don can kullum sabo ke shigowa da `pacman -Syu`, amma tsoffin fakiti suna nan a `/var/cache/pacman/pkg`, ana mayar da su da `pacman -U`. Kada a sabunta a makon da za a kai wa kwastoma aiki.

Yau dai ka cire `--preprocessor`, ka mayar da `#include <windows.h>`, ka saka layin 65001 a sama, ka yi `make clean` ka sake ginawa, sannan ka kwatanta da tsohon `.exe`. In bayan haka ƙ bai fito daidai a allo ba alhali `sabo.rc` ya nuna an ajiye shi daidai, ka turo mini layukan C da ke ɗauko rubutun da waɗanda ke nuna shi, a can za mu nemo A ɗin da ya kamata ya zama W. Allah ya taimaka, ka gaida mutanen Marwa.